Hans Zimmer: makaɗi ne ko mai gidan makaɗa?

Nura Mai Piyano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masu sani su sa baki. Kusan duk mai aikin situdiyo a cikinmu, in ka tambaye shi wa yake koyi da shi a kiɗan fim, zai ce maka Hans Zimmer. Ni ma haka nake. To amma da na fara tsayawa ina karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshen finafinansa, sai na ga ƙarƙashin sunansa akwai jerin wasu mutane da aka ce sun yi ƙarin kiɗa. Kamfaninsa kuma da ke Santa Monica a jihar Kalifoniya, Remote Control Productions, cike yake da matasan makaɗa masu aiki a ƙarƙashinsa. Shin mutumin nan shi ke yin kiɗan da muke yaba masa, ko suna kawai yake ɗorawa?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Nura. Kafin a yanke wa mutum hukunci, a fara sanin inda ya taso. An haife shi a Frankfurt ranar 12 ga Satumba 1957. Mahaifinsa injiniya ne, ya rasu tun Hans yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa Bayahudiya ce, ta gudu Ingila a 1939 ta tsira daga 'yan Nazi. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa mako biyu kacal ya taɓa zama gaban malamin piyano, kuma bai shiga wata jami'ar kiɗa ba. Yana saurayi ya koma Landan, ya riƙa bin ƙungiyoyin makaɗa yana danna na'urar haɗa sauti, irin manyan nan na shekarun 1970 masu wayoyi ko'ina. In ka kalli bidiyon waƙar The Buggles ta 1979, wadda MTV ta buɗe tasharta da ita a 1981, za ka hango shi na ɗan lokaci a bayan piyano. Daga nan ya shiga kiɗan tallace-tallace, sannan ya zama yaron Stanley Myers, tsohon hannu a kiɗan fim a Ingila. Myers ya san babbar ƙungiyar makaɗa ta goge da ƙaho, shi kuma ya san na'ura, suka haɗu suka buɗe situdiyon Lillie Yard. A nan ya koyi sana'ar. Har kiɗan buɗe shirin kacici-kacici na BBC, Going for Gold, yana cikin waɗanda suka yi a 1987, ya ce shi ya daɗe yana biya masa kuɗin haya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, shi ma yaron wani ne kafin ya zama ubangida. Tsarin da ka gani a Santa Monica ba daga sama ya faɗo ba, irin gidan da ya rene shi ne ya faɗaɗa.

Sadik Zango:
Malam, tarihi ya yi daɗi amma bai amsa tambayar ba. Mu ɗauki Pirates of the Caribbean na farko, na 2003. Ba wanda bai san kiɗan nan ba. Sunan wa ke jikin fim ɗin? Klaus Badelt, shi ma Bajamushe ɗan Frankfurt. Amma yau kowa cewa yake kiɗan Zimmer ne, kuma in ya fita wasan dandali shi ke kaɗa shi ana tafa masa. To ɗaya cikin biyu ne: ko Badelt ya yi aka ƙwace masa yabo, ko Zimmer ya yi aka rubuta sunan wanda ba shi ba. Ko wanne ne, sunan da ke jikin fim bai faɗi gaskiya ba.

Hajiya Talatu:
Sadik, wannan labarin ba ɓoyayye ba ne. Da farko Alan Silvestri aka ɗauka, suka saɓa da furodusa Jerry Bruckheimer ya bar aikin, lokaci kuma ya ƙure. Aka nemi Zimmer, shi kuwa ya riga ya ɗaure kansa da alkawarin The Last Samurai, ba zai iya sa sunansa a wani fim ba a lokacin. Sai ya tsara manyan karin kiɗan ya miƙa wa Badelt, Badelt da tawagar gidan suka zauna suka bi fim ɗin fitowa bayan fitowa. Cikinsu akwai Ramin Djawadi da Geoff Zanelli da Steve Jablonsky. Daga na biyu, na 2006, sunan Zimmer ne a kai.

Sadik Zango:
Hajiya ai kin ƙarfafa maganata ne. Mutum ya ba da kari, wasu suka kwana suna aikin.

Hajiya Talatu:
Tsaya ƙanina, ban gama ba. Ni aikina tace hoto ne, na san wahalar ɗora kiɗa a kan fim. Ƙirƙirar karin da mutum zai fita daga sinima yana rerawa a ransa aiki ne daban, yanka shi da miƙa shi ya zauna daidai da lokacin da aka zare takobi ko aka rufe ƙofa shi ma aiki ne daban. Dukansu aiki ne, amma ba kowa ke iya na farkon ba. Sannan ga abin da ya faru a 2008 da The Dark Knight. A can akwai takarda da ake cikewa ga kowane fim, ana rubuta kowane yanki na kiɗa, tsawonsa, da wanda ya yi shi. Da wannan takardar ake raba kuɗin haƙƙin mallaka duk lokacin da aka nuna fim ɗin a talabijin. Zimmer da James Newton Howard suka sa sunan mutum biyar a kai, su biyu da Lorne Balfe da Mel Wesson da Alex Gibson, don waɗancan ma su samu rabonsu. Hukumar Oscar ta ce sunaye sun yi yawa, ta cire kiɗan daga takara a watan Nuwamba. Sai da aka kai ruwa rana kafin ta janye hukuncin a Disamba. Wato a wannan karon rubuta sunan yara ne ya kusa jawo masa asara, kuma ya rubuta. Mai son cinye komai shi kaɗai ba ya haka.

Nura Mai Piyano:
Wannan ban taɓa ji ba. Allah ya saka da alheri Hajiya.

Kawu Idi:
Yara, ni ban san na'urorinku ba, amma na yi zamani da manyan mawaƙan gargajiya. Za ka ga ubangidan waƙa a tsaye, bayansa masu kalangu da 'yan amshi. Sau da yawa amshin da ya fi zama a bakin jama'a wani ɗan amshi ne ya kawo shi, wani salon kiɗan kuma mai kalangu ne ya ƙago. Amma waƙar sunan ubangida take ɗauka, don shi ne ya san abin da zai karɓa da abin da zai yar, shi ake gayyata, shi kuma ke shan kunya in wasa ya lalace. Ni abin da nake auna ubangida da shi guda ne: yaransa suna yaye su tsaya da ƙafarsu, ko suna tsufa a bayansa?

Malam Habu:
Kawu, in da wannan za a auna shi to ya ci. John Powell da Harry Gregson-Williams daga gidansa suka fito, kowanne yanzu sunansa kaɗai ya isa a ba shi babban fim. Lorne Balfe ya yi Mission: Impossible na 2018. Shi kuwa Djawadi da Hajiya ta ambata, an haife shi a Duisburg a 1974, uba ɗan Iran uwa Bajamushiya, ya yi karatun kiɗa a Berklee da ke Boston. Duk wanda ya kwana kallon Prison Break a cikinmu ya san hannunsa. Shi ya yi Iron Man na 2008, shi ya yi Game of Thrones, har ya ci Emmy a 2018 da 2019.

Ummi Damagaram:
Kawu ina gaisuwa, amma ku yi mini afuwa, ban gamsu ba. Mai kalangu kowa na ganinsa a fili, in ya burge a yi masa kari a goshi nan take. Yaron da ke ɗaki a Santa Monica da ƙarfe uku na dare ba mai ganinsa. Kuma Malam ya lissafa mana waɗanda suka yi suna ne kawai. Waɗanda suka shekara suna aiki suka fita ba a san su ba fa? A 2022 mujallar Vanity Fair ta yi dogon rahoto kan yadda ƙananan makaɗa a Holiwud ke rubuta kiɗa a ɓoye manya na sa suna, masu maganar da yawa ba su yarda a faɗi sunansu ba don tsoron rasa aiki. Ba Zimmer kaɗai rahoton ya shafa ba, amma irin tsarin gidansa yana tsakiyar maganar. Kuma ba dole sai an yi haka ba. Ennio Morricone, wanda Zimmer kansa ke cewa shi ya sa masa son kiɗan fim, da hannunsa yake rubuta abin da kowane makaɗi zai kaɗa, ya yi finafinai ɗaruruwa a haka har ya rasu a 2020.

Hajiya Talatu:
Gaskiya ne Ummi, Morricone daban ne. Sai dai a zamaninsa in an gama tace fim an gama. Yanzu da kwamfuta darakta na iya canja tsawon fitowa yau, gobe ya sake, jibi a nuna wa 'yan gwaji su ce ba su so a sake yankawa. Duk canji ɗaya sai kiɗa ya bi. Fim mai kiɗan awa biyu, ana canja shi har saura 'yan makonni a fitar, mutum ɗaya ba zai iya ba ko da ba ya barci. Ban ce babu zalunci a harkar ba, akwai. Amma yawan hannaye ba shi ne zaluncin ba, ɓoye hannayen ne.

Ɗan Kolon:
Bari in kawo muku yadda abin yake daga nan Jamus. Suna alfahari da shi, in ya zo wasa manyan zauruka cika suke, amma kusan duk aikinsa a Landan da Amurka ya yi shi. In ka tambayi dattijon Bajamushe kiɗan talabijin da ya fi sani, na Klaus Doldinger zai rera maka, kiɗan buɗe shirin 'yan sanda na Tatort da ake nunawa daren Lahadi tun 1970. Doldinger ɗin ne kuma ya yi Das Boot a 1981. Akwai Harold Faltermeyer ɗan Munich, mai Beverly Hills Cop da Top Gun, wanda ya riga Zimmer shiga Holiwud da na'ura. Sai Volker Bertelmann da ya ci Oscar a 2023 da All Quiet on the Western Front. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne hukumarsu ta GEMA, mai karɓo wa makaɗa kuɗin haƙƙin mallaka. Gidan rediyo, talabijin, shagon da ke sa kiɗa, har mai shirya biki a zaure, kowa biya yake, kuɗin kuma su bi sunan da ke kan takarda. Shi ya sa maganar suna a wurinsu ba ta yabo ba ce kawai, abincin mutum ne da na 'ya'yansa.

Baban Ilham:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Tears of the Sun, 2003, Bruce Willis, darakta Antoine Fuqua. Labarin a Najeriya aka ce ya faru, alhali a Hawaii aka ɗauka. An nuna Fulani Musulmi sun yi juyin mulki suna yi wa Ibo Kiristoci yankan rago, sojan Amurka ne suka zo ceto suka nufi iyakar Kamaru da mutane. Ba wani Musulmin arewa ɗaya a fim ɗin da aka nuna a matsayin mutum mai tausayi. Wa ya yi kiɗan? Zimmer. Kuma kiɗan ne ke sa mai kallo hawaye, shi ke gaya masa wa zai tausaya wa, wa zai tsana. Wanda bai taɓa jin sunan Fulani ba a Turai ko Amurka, da wannan fim ya fara saninmu. Wannan ba ya cikin lissafi?

Sadik Zango:
Yana ciki Baban Ilham. Ƙara da Black Hawk Down na 2001. Labarin Mogadishu ne na 1993, amma muryar da ke tashi a ciki ta Baaba Maal ce, Bafulatanin Senigal. Daga Podor, garinsu Baaba Maal, zuwa Mogadishu faɗin nahiya ne gaba ɗaya. Muryar ta yi kyau, ba musu, amma a kunnen Holiwud Afirka duk gari ɗaya ce, in dai an ji baƙar murya tana kuka shi ke nan.

Malam Habu:
Kan Tears of the Sun ba zan kare shi ba, fim ɗin ya yi mana mummunan fenti kuma kiɗan ya taimaka. Makaɗi ba shi ke rubuta labari ba, amma yana karantawa kafin ya karɓa, kuma mai sunan Zimmer a 2003 yana da ikon cewa a'a. Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙofar Holiwud ta buɗe masa ne ta dalilin A World Apart na 1988, fim ne na adawa da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Matar darakta Barry Levinson ce ta ji kiɗan ta nuna wa mijinta, shi kuma ya ɗauke shi aikin Rain Man, wanda ya kai shi takarar Oscar karon farko. Shekara ta gaba ya yi Driving Miss Daisy, duka da na'ura ba makaɗi ko ɗaya. A 1992 ya yi The Power of One, nan ma labarin wariya, a nan ya haɗu da Lebo M, ɗan Soweto da ke gudun hijira a Amurka. Da aka ba shi The Lion King sai ya nemo Lebo M. Muryar da ke buɗe fim ɗin da harshen Zulu tasa ce. Zimmer ya ce ya so zuwa Afirka ta Kudu ɗaukar 'yan amshi, Disney ta hana shi don tsoron abin da zai same shi saboda finafinansa na baya, Lebo M ne ya je ya tsaya a kan aikin.

Ummi Damagaram:
Yauwa Malam, mun dawo wurin. Wa ya karɓi Oscar a 1995? Zimmer shi kaɗai. Cire muryar Lebo M daga daƙiƙun farko na fim ɗin ka ga abin da ya rage. Haka aka yi a Gladiator na 2000. Lisa Gerrard 'yar Ostareliya, muryarta ce ran kiɗan, sun ci Golden Globe tare, amma a takarar Oscar sunan Zimmer kaɗai aka sa.

Hajiya Talatu:
Na Gladiator dokar hukumar Oscar ce ta hana, ba shi ba, a jikin fim da faifai sunansu biyu ne. Lebo M kuma sunansa na nan a rubuce, kuma har yau tare suke hawa dandali, Zimmer na gabatar da shi da bakinsa. Amma na yarda da ke cewa lambar yabo ba ta san raba daidai ba. Kuma in ana neman ainihin wanda aka zalunta a The Lion King, Solomon Linda ne, Bazulun da ya yi waƙar Mbube a 1939, wadda aka juya ta zama waƙar zakin nan da ke cikin fim ɗin. Ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 iyalansa suka samu sasantawa bayan shari'a. Wannan ba hannun Zimmer a ciki, amma ya nuna abin da ke faruwa da mutum in babu sunansa a takarda.

Aisha 'Yar Jos:
Tambaya don Allah, shi ne ya sa Wizkid da Burna Boy a The Lion King na 2019?

Nura Mai Piyano:
A'a Aisha. Shi ya sake yin kiɗan fim ɗin, amma faifan da su Wizkid da Burna Boy da Tiwa Savage da Yemi Alade suke ciki na Beyoncé ne, daban ta fitar da shi.

Nura Mai Piyano:
Ina so in dawo kan sana'ar kanta, don ni abin da ya sa na kasa sakin mutumin nan ke nan duk da tambayar da na yi. Ku dubi aikinsa da Christopher Nolan. A Inception na 2010 akwai tsohuwar waƙar Édith Piaf da jaruman ke sawa don su san lokacin farkawa ya yi. A labarin, in kana cikin mafarki lokaci jan jiki yake. Sai ya ɗauki farkon waƙar ya ja shi ya yi nauyi, ya zama rurin ƙahon nan da kowa ya sani. Wato kiɗan fim ɗin shi ne waƙar kamar yadda mai mafarki zai ji ta. Bayan haka shekaru masu tallar fim suka yi ta kwaikwayon rurin ba tare da sun san dalilinsa ba. A Interstellar na 2014 Nolan bai gaya masa fim ɗin sararin samaniya ba ne, shafi ɗaya ya ba shi kan uba da zai bar ɗansa, ya ce ya rubuta abin da ya ji. Abin da ya rubuta a nan shi ya zama ƙashin bayan kiɗan, suka je cocin Temple da ke Landan, Roger Sayer ya kaɗa a babban ogan mai bututu, na'urar da sai da iska take magana, a fim ɗin da mutane ke neman iskar shaƙa. A Dunkirk na 2017 ƙarar agogon aljihun Nolan aka ɗauka aka gina kiɗan a kai, da wata dabara da ke sa kunne ya ji kamar sauti na ta hawa ba ya kaiwa ƙarshe. Irin wannan tunanin ba a raba wa yara shi. Mutum ɗaya ne ke zama da darakta ya gano abin da fim ɗin ke nufi.

Sadik Zango:
To Nura kai ka yi tambaya kai kuma ka zama lauya. Na yarda da waɗannan ukun. Amma a shekara guda fim nawa ke fita da sunansa ko sunan gidansa? Duka yake ba su irin wannan zaman? Kuma akwai ɓarnar da ba a faɗa. Da gidan ya yi ƙarfi, furodusoshi suka koma son sauti iri ɗaya, ganguna masu nauyi, goge na maimaita abu guda, ƙaho na ruri. Finafinan faɗa na shekarun 2010 rufe ido ka saurara, da ƙyar ka bambance su. Sannan ku tuna The Simpsons. Alf Clausen ya shekara 27 yana yi musu kiɗa da makaɗa na gaske kusan 35, a 2017 aka sallame shi aka ba Bleeding Fingers, kamfanin kiɗan talabijin da Zimmer ke cikin waɗanda suka kafa. Masu shirin ne suka yanke shawarar, amma sun yanke ne don akwai inda za su samu da sauƙi.

Ɗan Kolon:
Bleeding Fingers ɗin ne kuma suka yi Planet Earth II da Blue Planet II na BBC, kuma a nan an rubuta a fili: babban kari na Zimmer, sauran na Jacob Shea da abokan aikinsa. Haka a The Crown, kiɗan buɗewa nasa, na cikin shirin Rupert Gregson-Williams ya fara. Ni ina ganin in aka rubuta haka ba wanda aka yaudara.

Malam Habu:
Kan cewa duk sautinsa ɗaya ne, Sadik, ka saurari The Thin Red Line na 1998 ko 12 Years a Slave na 2013, babu rurin ƙaho irin na talla a ciki. Masu kwaikwayo ne suka ɗauki abu ɗaya suka maimaita har ya gundura. Dune kuma, ya bar aikin Tenet na Nolan saboda shi, don tun yana yaro yake son littafin. Ya ce ba ya son a ji kayan kiɗan da aka saba a duniyar da ba tamu ba, sai Pedro Eustache ya riƙa ƙera sababbin kayan busa, muryoyin mata irin ta Loire Cotler suka zama jagora. Da shi ya ci Oscar na biyu a 2022, shekara 27 bayan na farko. Kashi na biyu na Dune kuwa hukumar Oscar ta ƙi karɓar kiɗansa a takara, don dokarsu ta ce ci gaban fim kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na tsohon kiɗa.

Ummi Damagaram:
Malam ka lura, kai ma da za ka yabi Dune sai da ka kira Eustache da Cotler. Ni ba cewa nake ba shi da baiwa ba. Cewa nake rabin baiwarsa ita ce sanin wanda zai kira, kuma ya kamata mu da muke koyi da shi mu riƙa faɗin hakan, mu daina nuna wa yara masu tasowa cewa mutum ɗaya ne a ɗaki da manhajar haɗa kiɗa ta Cubase ya yi duk wannan. Yaro zai zauna shi kaɗai da kwamfuta ya kasa fitar da irin sautin, ya ɗauka shi ne bai iya ba, alhali a can akwai mai rarraba wa makaɗa rubutu irin Bruce Fowler, akwai masu haɗa sauti, akwai makaɗan Landan.

Aisha 'Yar Jos:
Ni dai jiran fim ɗin Indiya na Ramayana nake, an sanar cewa shi da A.R. Rahman za su yi kiɗan. A nan ba wanda zai zama yaron wani, Rahman ma Oscar biyu gare shi.

Kawu Idi:
Nura, ɗana, tunda kai ka kawo maganar bari in tambaye ka. A situdiyonka yara nawa ke taya ka? In fim ya fito sunansu na fitowa?

Nura Mai Piyano:
Kawu, akwai mai ɗora mini ganguna, akwai yarinyar da ke yin amshi. A ƙarshen fim sunan situdiyo ake sawa, wani lokaci ma ni kaina ba a sa nawa. Akwai furodusan da na yi wa kiɗan fim guda, daga baya na ji shi a wasu finafinansa ba tare da ya ko gaya mini ba. Da na yi magana ya ce ai ya biya. Ba takarda tsakaninmu, ba abin da zan nuna.

Hajiya Talatu:
To wannan ita ce matsalar da ke gabanmu. Takardar da na faɗa ba wani abin wahala ba ce, shafi ɗaya ne. Sunan fim a sama. Sai layi-layi: sunan yankin kiɗa, minti da daƙiƙar da ya fara, inda ya ƙare, wanda ya ƙirƙira, wanda ya kaɗa ko ya rera, da kason kowa in mutum biyu ne suka haɗu. A ƙasa a rubuta ko kiɗan na wannan fim ne kaɗai ko an sayar da shi gaba ɗaya, kai da furodusa ku sa hannu, kowa ya riƙe kofi. Ni a wurina in mai kiɗa ya kawo mini jerin sunaye tare da sautin, ina sa su a ƙarshen fim, ba furodusan da ya taɓa ce mini in cire. Yawanci ba a kawowa ne.

Sadik Zango:
Hajiya suna zai fito, na yarda. Kuɗi fa? Yanzu yawancin finafinan a YouTube suke, kuɗin na shiga asusun mai tasha kai tsaye. Ko an rubuta kaso a takarda, wa zai bi ya karɓo?

Ɗan Kolon:
YouTube na da tsarin gane sauti, Content ID. In ka yi wa kiɗanka rajista ta hannun kamfanin rarraba waƙa, duk bidiyon da aka sa shi za a gane, kuɗin tallan ya biyo ka. Amma ka yi hankali, in ka yi haka ba da sanin furodusa ba, fim ɗinsa ne na farko da za a kama, rigima ta tashi. Dole a rubuta tun farko wace tasha aka yafe wa.

Nura Mai Piyano:
Hajiya don Allah ki turo mana samfurin takardar a nan zauren. Akwai shiri mai dogon zango da zan fara wa aiki bayan Sallah, ina so in kai wa furodusan kafin mu yi ciniki, da sunan yaran nan biyu a ciki. Yaya Ɗan Kolon, maganar tashar da aka yafe wa, a wane layi ake sa ta?

Ɗan Kolon:
A ƙasa, kusa da inda Hajiya ta ce a rubuta ko na fim ɗaya ne. Ka sa sunan tashar da adireshinta cikakke, don kamfanin rarrabawa zai nemi adireshin kafin ya cire ta daga kamu.